Yadda Ake Ƙiyasta Abin da Gonar Roba Za Ta Bayar Tun Kafin a Dasa

Wanda ya shuka masara a gurbin da bai dace ba, asarar damina ɗaya ya yi, baɗi sai ya canza wuri. Mai dasa roba ba shi da wannan dama. Sai ya yi shekara shida zuwa bakwai yana sharar gona, yana zuba taki, yana biyan leburori, kafin ya tsaga ɓawon itace ko ɗaya don ya tatsi ruwan roba, kuma itatuwan za su zauna a wurin shekara 25 zuwa 30 ana tatsar su. Idan marmara na kwance a ƙarƙashin ƙasar, ko ruwa na zama a gindin saiwa duk damina, ba za a gane ba sai kuɗi sun riga sun nutse. Saboda haka aikin ƙiyasi kafin dashe ake yin sa, ba bayan an sayi fili an kafa turaku ba.

A Najeriya, gidan roba shi ne kudu mai yawan ruwa: Edo, Delta, Ondo, Ogun, Kuros Riba, Akwa Ibom, Ribas da Abiya. Cibiyar binciken roba ta ƙasa tana Iyanomo, kusa da birnin Benin. A maƙwabta kuwa, Kodebuwa ce kan gaba a duk Afirka, sai Laberiya inda kamfanin Firestone ya kafa gonarsa tun 1926, da Gana da Kamaru. Misalan da ke cikin wannan jagora daga wannan yanki aka ɗauko su. Abin da za ka samu a ƙarshe ba lamba ɗaya ba ce da za ka rubuta a takardar neman rance. Taswira ce da ta raba gonar kashi-kashi, kowane kashi da mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da ake sa ran zai bayar.

Fara da iyakar gonar

Ka taka iyakar da ƙafarka, riƙe da waya mai GPS da manhaja irin su SW Maps, ka tsaya a kowace kusurwa na ɗan lokaci kafin ka danna. A fili buɗaɗɗe waya takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar, a ƙarƙashin duhuwar itatuwa kuma ya fi haka. Don ƙiyasi wannan ya wadatar, amma ba ya maye gurbin aikin safiyo a wajen mallakar fili. Ka fitar da zanen ka buɗe shi a QGIS, manhajar taswira ta kwamfuta wadda ake saukewa kyauta.

Kafin ka auna faɗin gonar, ka mayar da zanen kan tsarin awo na mita, wato UTM. Ogun, Ondo da kewayen Benin suna cikin shiyya ta 31N, Kuros Riba da Akwa Ibom kuma 32N. Wanda ya manta wannan zai ga alƙaluman da ba su da kan gado. Kada ka yi mamaki idan hektocin da kwamfuta ta ba ka ba su kai na bakin dillali ba.

Ka adana wannan zane da kyau, domin yana da wani amfanin. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka ta haɗa da roba: tana neman a nuna ainihin wurin da aka noma kayan, da zanen iyaka ga gonar da ta wuce hekta huɗu, kuma ba ta karɓar kayan filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba, 2020. Ka ɗora zanenka a kan taswirar Global Forest Watch, shafin intanet da ke nuna inda aka sare daji, ka duba tarihin filin tun yanzu.

Ruwan sama da zafi

Wannan mataki ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ke yanke hukunci ko a ci gaba ko a tsaya. Asalin itacen daga dajin Amazon yake, kuma har yau halinsa bai canza ba: yana son ruwan da ya kai wajen milimita 2,000 a shekara, a bazu cikin watanni, da zafin da ke tsakanin digiri 25 zuwa 28. Rumbun CHIRPS yana da bayanan ruwan sama tun daga 1981, kowane gida na taswirarsa, wato ɗan murabba'in da ke ɗauke da lamba ɗaya, faɗinsa wajen kilomita biyar. Ka sauke na shekara talatin, in akwai tashar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a kusa ka gwama da nata.

Kada jimillar shekara ta ruɗe ka. Abu biyu za ka ƙirga. Na farko, watanni nawa ne a jere ruwa ke ɗaukewa. Idan rani ya wuce wata huɗu zuwa biyar, ƙananan dashe kan wahala kuma lokacin fara tsaga yakan ja baya. Wannan ne ya sa ba a maganar gonar roba a Kano, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba kuma rani ya fi rabin shekara.  Na biyu, kwana nawa ake ruwan safe. Ana tsaga roba ne da sassafe, kuma ba a tsaga jiƙaƙƙen itace, domin ruwan robar zai bi jikin ɓawo ya zube, ga cuta ta shiga tabon. A yankin Kalaba, inda ruwa ke kai wa wajen milimita 3,000, itace na girma da kyau amma ranakun aiki kan salwanta. CHIRPS ba zai gaya maka ƙarfe nawa aka yi ruwan ba. Masu tsaga a gonakin da ke kusa za ka tambaya.

Tudu da gangara

Ka sauke taswirar tsayin ƙasa ta SRTM ko ta Copernicus, dukansu gidan mita 30 ne. A QGIS ka fitar da falle biyu daga ciki: na gangara, da na inda ruwa ke taruwa. Gangarar da ba ta wuce kashi 8 cikin ɗari ba, ba ta da matsala. Daga nan zuwa wajen kashi 16 sai an dasa a layukan da ke ratsa gangarar, a kuma rufe ƙasa da wake mai yaɗo. Abin da ya haura haka sai an yanka matakala, kuma mai tsaga ba zai iya zaga itatuwa da yawa a safiya ɗaya ba. Wurin da ya wuce kashi 30, ni dai shawarata a bar shi da dajinsa.

A kula da abu ɗaya: na'urorin da suka auna waɗannan taswirori saman itatuwa sukan gani a inda daji ya yi kauri. Idan ka ga wani tsani kwatsam daidai bakin kurmi, wataƙila tsayin itatuwa ne, ba tudu ba.

Taswirorin ƙasa na kyauta, da iyakar ƙarfinsu

Biyu ne suka fi amfani a nan. SoilGrids, na cibiyar ISRIC da ke Wageningen a ƙasar Holan, yana ba da yawan yashi da laka, tsamin ƙasa, tsakuwa da sauransu a zurfi shida, daga sama har mita biyu. Sai dai kowane gidansa mita 250 ne, wato hekta shida da kwata. Gona mai hekta 50 gida takwas ce kacal a cikinsa. Na biyu shi ne iSDAsoil, wanda aka fitar a 2020 don Afirka kaɗai. Gidansa mita 30 ne, amma yawancin bayanansa a zurfin santimita 50 suka tsaya, alhali uwar saiwar roba tana nutsawa fiye da mita biyu in ta samu hanya.

In ka buɗe fallen tsamin ƙasa na SoilGrids ka ga 52, kada ka firgita: an ninka lambar da goma ne, ma'anarta pH 5.2. Haka laka da yashi, giram ne cikin kilo, sai ka raba da goma ka samu kashi cikin ɗari.

Babu wanda ya je gonarka ya haƙa kafin a zana waɗannan taswirori. Kwamfuta ce ta duba samfuran da aka ɗiba a wasu wurare, ta haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da yanayin ƙasa, ta yi hasashen abin da ke tsakani. Launukansu masu kyau sukan sa mutum ya ɗauka gaskiya ce tsantsa. Amfaninsu na haƙiƙa shi ne su nuna maka inda ƙasar take canza hali, don ka san inda za ka kai shebur.

Raba gonar, sannan a haƙa

Ka jera fallen gangara, na taruwar ruwa, na laka, da hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 na lokacin rani, ɗaya bisa ɗaya. Za ka ga gonar ta rabu da kanta: kan tudu, tsakiyar gangara, gindin gangara, bakin rafi. Ka zana waɗannan kashi-kashi da hannu. Uku zuwa biyar sun isa ga matsakaiciyar gona. Ka nuna wa dattawan ƙauyen taswirar ko ka zaga da su. Sun san inda rogo ke ruɓewa da inda fartanya ke karo da dutse, kuma sau da yawa layin da za su nuna maka ya fi na kwamfuta daidai.

A kowane kashi a haƙa aƙalla rami ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya da rabi, a wurin da ya yi kama da mafi yawan kashin, ba a kan suri ba, ba a tsohon kufai ko inda aka ƙona itace ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso. Ramin da aka haƙa a watan Janairu yakan ɓoye babban aibin wuri.

Ka shiga ramin da wuƙa da tef ɗin awo, ka kankare bangon da rana ke haskawa daga sama zuwa ƙasa. A kan ƙasa mai kyau ta yankin Benin, za ka ga baƙi-baƙi a tafin hannu ɗaya na sama, sannan ja ko ruwan ƙasa mai haske ya miƙe har gindin ramin ba tare da wani shamaki ba, wuƙa na shiga da sauƙi, ƙananan jijiyoyi na leƙowa har ƙasa. Ka jiƙa ɗan dunƙule ka murza tsakanin babban yatsa da manuni: idan ya yi ɗan zare kafin ya karye kuma kana jin yashi a ciki, haɗin da ake so ke nan. Idan ya warwatse, yashi ya yi yawa, ba zai riƙe ruwa ko taki ba. Idan ya yi santsi ya manne kamar na maginan tukwane, laka ta yi yawa.

Alamu biyu ne suke kashe wuri. Ta farko ita ce launin toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa. Duk zurfin da ka fara ganin sa, nan ruwa yake kwana wata da watanni, ko da ranar da ka je ramin a bushe yake. Idan ya bayyana kafin santimita 60 zuwa 70, roba ba za ta ji daɗi ba. Ta biyu ita ce shimfiɗar tsakuwa mai tauri ko marmara, wadda aka fi cin karo da ita a wuraren da ke kan tsohon dutse, irin arewacin Ondo da Ogun da sassan Kuros Riba. Wuƙa za ta yi ƙara ta tsaya, kuma za ka ga jijiyoyi sun lanƙwashe sun bi gefe. Itacen da uwar saiwarsa ta tsaya a nan zai sha wuya da rani, kuma iskar farkon damina ba ta jin nauyin kayar da shi. Ka rubuta zurfin kowace alama, ka ɗauki hoton bangon da tef a jiki, ka ɗauki lambar GPS.

Akwai abu na uku da ba ya fitowa a kowace taswira. In akwai tsofaffin kututture a filin, a tone gindin kaɗan daga cikinsu a duba jijiyoyin. Farin zare da ya manne ya bi jikin saiwa alama ce ta farar ruɓar saiwa, cutar da ta fi kashe itatuwan roba a Afirka ta Yamma. Daga kututturen daji ko na tsohuwar roba take kama sabon dashe, ta bi layi tana ci. Inda aka gan ta, dole a tumɓuke kututturen, a kuma rage yawan itatuwan da ake sa ran za su kai ga tsaga.

Tsakanin ramuka kuma a bi da ƙarfen haƙar samfuri mai murɗawa, a huda kowace hekta ɗaya ko biyu har zurfin mita, don a gane inda tsakuwa ko launin toka ya fara da inda ya ƙare. Wannan hujin ba ya bukatar ɗakin gwaji, ga arha, kuma shi ne zai gyara maka layukan da ka zana.

Abin da za a kai ɗakin gwaji

Daga kowane kashi a ɗibi ƙasa a wuri goma zuwa sha biyar, a zurfi uku daban-daban: sama zuwa santimita 30, 30 zuwa 60, 60 zuwa 100. A cakuɗa na kowane zurfi a bokitin roba mai tsabta, a ɗebi rabin kilo, a shanya a inuwa, a sa a leda da takarda ciki da waje. Babban kashi a raba shi, kada samfuri ɗaya ya wakilci fiye da hekta biyar. Jami'o'in da ke da sashen kimiyyar ƙasa da cibiyoyin bincike irin IITA a Ibadan suna yin wannan gwaji.

Ka nemi a auna yashi da laka, pH, kitsen ƙasa (ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke cikinta), naitirojin, fosfaras, fotashiyam, magniziyam, kalshiyam, da ƙarfin ƙasar na riƙe taki. Ka ce a auna fosfaras da hanyar Bray, domin ita ta dace da ƙasa mai tsami. Idan sakamako ya nuna pH 4.5 zuwa 5.5, kada wani ya sa ka sayi farar ƙasa don ka kashe tsamin. Roba irin wannan ƙasar take so, kuma yawan kalshiyam da magniziyam yana sa ruwanta saurin daskarewa a bakin tsaga. Ƙasashen yashi na kudu galibi fotashiyam da fosfaras suke ƙaranci, kuma wannan aibi ne da taki ke gyarawa. Ka riƙe wannan bambanci, domin a kansa lissafin ya ginu: rashin abinci ana saye a zuba, rashin zurfi ba a sayen sa.

Daga ɗigo zuwa taswira

Ka shigar da sakamakon cikin tebur, kowane layi da lambar GPS, ka ɗora a QGIS. Idan wuraren da ka ɗiba ba su wuce ashirin ko talatin ba, kada ka wahalar da kanka da dabarun cike giɓi. Ka ba kowane kashi matsakaicin abin da aka samu a cikinsa. Hanyar da ake kira kriging, wadda ke hasashen abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, tana bukatar wuri ɗari ko fiye kafin a amince da ita. Da ƙasa da haka za ta zana maka taswira mai sheƙi wadda ba ta tsaya a kan komai ba. Babbar gona mai ɗaruruwan samfura ita ce ke cin moriyar kriging, ko koyar da kwamfuta ta haɗa samfuran da gangara da hotunan sama. Ko a nan ma, a ware kashi ɗaya cikin biyar na samfuran kada a nuna wa kwamfutar, sannan a gwada hasashenta da su.

Ba kowane kashi maki

Tsarin da aka fi bi ya samo asali daga ƙa'idar tantance filaye da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 1976, wadda ta raba fili zuwa mai dacewa sosai, matsakaici, mai rauni, da wanda bai dace ba. A aikace, za ka ba kowane sharaɗi maki daga sifili zuwa ɗari: ruwan sama, zurfi, tsanewar ruwa, gangara, haɗin yashi da laka, da abincin ƙasa. Zurfin da ya wuce mita ɗaya da rabi ba shamaki ya ci ɗari; ruwa kwance a rabin mita kuwa makinsa ya faɗi ƙasa warwas. Ma'aunin makin ba wahayi ba ne, gwargwado ne, don haka ka zauna da masanin ƙasa na yankin ku daidaita shi.

Kada ka tara makin ka raba. Matsakaici yakan ɓoye aibi: wuri mai ruwa kwance zai fito da kashi 80 saboda sauran sharuɗɗan sun yi kyau. A maimakon haka, ka ɗauki mafi ƙanƙantar maki ka ajiye. Sauran ka mayar da su kashi cikin ɗaya, wato 90 ya zama 0.9, ka ninka su da juna, ka danna maɓallin √ a kalkuleta, sannan ka ninka sakamakon da wancan mafi ƙanƙantar.

A ɗauka, don misali kawai, gona ce mai hekta 50. Kashin farko hekta 26 ne a kan tudu: ruwan sama, zurfi da tsanewa duk ɗari, gangara 95, haɗin ƙasa 95, abinci 90. Mafi ƙanƙanta 90 ne, 0.95 sau 0.95 ya ba da 0.9025, maɓallin √ ya mayar da shi 0.95, a ninka da 90, an samu wajen 85. Kashi na biyu hekta 14 ne a gangara, da tsakuwa wajen santimita 80: zurfi 70, gangara 90, haɗin ƙasa 90, abinci 90. Lissafi ya ba da wajen 60. Hekta shida na bakin rafi launin toka ya fito tun a santimita 40, an cire su. Hekta huɗu kuma sun tafi a hanyoyi, wurin renon dashe da rumfar tara kaya.

Daga maki zuwa kilo

Yanzu kana bukatar lamba ta sama, wato abin da irin da za ka dasa yake bayarwa a kan ƙasa mara aibi da kyakkyawar kulawa. Iri yana da tasiri ƙwarai. Itatuwan da aka shuka daga ƙwaya ba zaɓi kan ba da 'yan ɗaruruwan kilo ne kawai a hekta, yayin da dashen da aka yi wa aure da zaɓaɓɓen iri, irin su GT1, RRIM 600, PB 217, na IRCA daga Kodebuwa, ko jerin NIG 800 na Iyanomo, kan ninka haka sau da yawa. Amma kada ka ɗauki lambar gonar gwaji, inda kowane itace ke da mai lura da shi. Ka nemi abin da babbar gona mai kyakkyawan tsari a yankinka take samu da wannan irin, na shekaru da dama.

A misalinmu mu ce kilo 2,000 na busasshiyar roba a hekta a shekarun ganiya. Kashin farko zai ba da kashi 85 na haka, kilo 1,700, sau 26, kilo 44,200. Na biyu kilo 1,200 sau 14, kilo 16,800. Jimilla tan 61. Wanda ya ninka hekta 50 da 2,000 a kan teburinsa tan 100 ya rubuta.

Tan 61 ɗin ma abin da ƙasa za ta iya ne, ba abin da zai hau sikeli ba. Ka gwada shi ta wata hanyar, daga gindin itace: yawan itatuwan da ake tsagawa a hekta, sau giram ɗin da kowanne ke bayarwa a tsaga ɗaya, sau ranakun tsaga. Ana dasa itace 450 zuwa 550 a hekta, amma bayan cutar saiwa, iska, da waɗanda ɓawonsu ya bushe ya daina zubar da ruwa, da wuya duka su kai. Tsaga rabin zagaye duk bayan kwana uku, tare da hutun kwana ɗaya a mako, yana ba da ranaku ɗari da 'yan kai a shekara. Cire na ruwan safe, cire makonnin da itace ke kaɗe ganye wajen Janairu da Fabrairu, ka koma wajen 85 zuwa 90. Itace 400 sau giram 45 sau kwana 90 ya ba da kilo 1,620, kusa da 1,700 ɗin da aka samu. Idan hanyoyin biyu suka yi hannun riga, akwai lambar da ka zuzuta.

Hannun mai tsaga ma yana cikin lissafi. Gwani yakan fere ɓawo siriri, ya tsaya gab da itacen ba tare da ya taɓa shi ba, farin ruwan ya bi tsagar ya gangara ta kan ɗan ƙarfen ya ɗiga cikin kofi na sa'o'i. Wanda bai iya ba, ko ya yi sama-sama ruwa ya ƙi fita, ko ya zurfafa ya ji wa itacen rauni, ɓawon da zai sake tohowa ya yi ƙulu-ƙulu ya ƙi tsaguwa nan gaba. Ga sabuwar gona da sababbin ma'aikata, ka rage kashi ɗaya cikin biyar. Tan 61 ya koma wajen 49. Abin da za ka rubuta shi ne tan 49 zuwa 61 a shekarun ganiya, kuma da ƙaramar lambar za ka lissafa biyan bashi.

Abu biyu kuma suna yawan rikita lissafi. Duk waɗannan alƙaluma na busasshiyar roba ne. Ruwan da ke cikin kofi wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai roba, dunƙulen da ya daskare a kofi kuma har yanzu da ruwa mai yawa a jikinsa. In maƙwabci ya ce yana samun tan uku a hekta, tambaye shi jiƙaƙƙe ko busasshe. Sannan ganiya ba ta zuwa a shekarar farko: daga dashe zuwa shekara ta shida sifili za ka rubuta, shekarar buɗe tsaga ƙasa da rabi, sai ya riƙa hawa na wasu shekaru, ya daidaita, ya fara sauka. Ka yi teburin shekara-shekara ga kowane kashi, kuma ka jinkirta buɗe tsagar kashi na biyu da shekara ɗaya a kan na farko.

Gwada ƙiyasin da abin da ke ƙasa

Tun kafin ka dasa, ka nemi gonakin roba uku ko huɗu a yankin da ke da littafin awo, ka haƙa rami a cikinsu da izinin masu su, ka ba su maki kamar yadda ka ba naka, ka ga ko lissafinka ya faɗa kusa da abin da suke samu. Idan kullum kana sama da su, ka sauke lambarka ta sama.

Bayan dashe, kaurin itace shi ne shaida. Ana buɗe tsaga ne idan kewayen gangar jiki ya kai santimita 50 a tsayin wajen mita ɗaya, kuma mafi yawan itatuwan kashin sun kai haka. Ke nan itacen da zai kai a shekara ta shida sai ya riƙa ƙara wajen santimita takwas duk shekara. Ka sa wa itace hamsin alama da fenti a kowane kashi, ka auna su a wata ɗaya kowace shekara, ka shigar cikin taswirar. Hotunan Sentinel-2, masu gidan mita goma da ke sabuntawa duk kwana biyar, za su nuna maka giɓin da cutar saiwa ta buɗe da inda ganye ya yi rauni, sai dai a kudu gajimare kan rufe yawancin na damina, don haka na Disamba sun fi amfani. Kada ka mayar da korensu kilo: da zarar rassa sun haɗe, hoton gona mai bayarwa da mara bayarwa kusan ɗaya ne. Idan a shekara ta uku itatuwan wani kashi ba su kai santimita ashirin ba, ka koma can da shebur, ka sake ba shi maki, ka gyara teburin shekarun kafin ka yi wa mai saye alkawarin kaya.